Sharhi: Yadda ƙwayoyin bairus ke ɓuyar wa sojojin jiki

A watan Oktoba na 2025 kamfanin harhaɗa magunguna na Moderna da ke Amurka ya bayar da sanarwar cewa allurar riga-kafin da ya shafe shekaru yana gwadawa a kan ƙwayar cutar CMV ba ta yi aikin da aka yi fata ba.

Kafin nan, a watan Janairu na 2023, an dakatar da wani babban gwaji mai suna Mosaico na neman riga-kafin ƙwayar HIV mai haddasa cutar ƙanjamau, bayan da ta bayyana cewa allurar ba ta hana kamuwa da cutar. Wannan kuwa ya biyo bayan wasu gwaje-gwajen da suka ci tura a Afirka ta Kudu da maƙwabtanta a 2020 da kuma 2021.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa haka? Da allurar riga-kafi aka kawar da cutar agana daga doron ƙasa a 1980. Da riga-kafi nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a 2020. Cutar korona ma ba ta cika shekara guda da bayyana ba aka samar mata da allura. To amma ga wasu ƙwayoyin cuta da aka sani tun shekaru arba'in ko fiye, waɗanda har yau suka gagari masana.

Dalilan suna da yawa, kuma babu wani masani da zai jingina su a kan abu guda. Sai dai akwai wata ɗabi'a da kusan dukkan ƙwayoyin bairus masu zama a jikin mutum har ƙarshen rayuwarsa suka yi tarayya a kanta: sun san yadda za su hana labarin shigowarsu isa ga sojojin jiki.

Faranti a ƙofar gida

Bairus ba ya iya hayayyafa da kansa. Dole ne ya kutsa cikin ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da jikin mutum ya ginu da su, ya mai da ita masana'antar ƙera irinsa. Da zarar ya shige, sinadaran kariya da ke yawo a cikin jini ba sa iya cim masa, domin aikinsu a waje yake.

Saboda haka jiki yana da wani tsari na daban. Kusan kowace ƙwayar jiki, in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini, tana ɗibar samfur daga duk wani furotin da ake ƙerawa a cikinta, ta fito da shi waje ta ajiye a kan wani abu mai kama da faranti, kamar yadda mai sayar da kaya kan baje samfur a ƙofar shago. Wannan faranti shi masana ke kira MHC, a jikin ɗan Adam kuma HLA.

Aikin yana bin matakai. Da farko wani injin niƙa da ke cikin ƙwayar yana daddatsa furotin zuwa guntaye, kowanne mai tsawon amino asid 8 zuwa 10. Daga nan wani famfo da ake kira TAP ya tura guntayen zuwa ɗakin da ake haɗa farantan. A can ake ɗora kowane guntu a kan farantinsa, sannan a yi jigilarsu zuwa bayan fatar ƙwayar.

A waje kuma akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin T masu kisa, waɗanda ke sintiri suna duba abin da ke kan kowane faranti. Idan guntun na gida ne sai su wuce. Idan kuwa baƙo ne, alamar bairus ya shiga ke nan, sai su hallaka ƙwayar baki ɗaya tare da abin da ke cikinta.

Manyan farantan iri uku ne, A da B da C, kuma kowane mutum yana gadonsu daga uwa da uba. Su ne likitoci ke aunawa kafin dashen ƙoda domin ganin ko mai bayarwa da mai karɓa sun dace, shi ya sa ake fara neman ɗan'uwa na jini.

Wasu masana biyu, Rolf Zinkernagel ɗan ƙasar Siwizalan da Peter Doherty ɗan Ostireliya, su ne suka gano a 1974, suna aiki da ɓeraye a birnin Kanbera, cewa sojojin T ba sa ganin bairus sai ta kan wannan faranti. A 1986 Alain Townsend na Jami'ar Oxford ya nuna cewa guntayen furotin ne ake nuna musu. Shekara guda bayan haka Pamela Bjorkman da abokan aikinta a Jami'ar Harvard suka fitar da surar farantin, da ɗan kwarin da guntun ke zama a ciki. An bai wa Zinkernagel da Doherty kyautar Nobel a 1996.

Kowane mataki da mai tare shi

Tsari mai matakai da yawa yana da wuraren da za a iya yanke shi da yawa. Abin da ya ba masana mamaki tun daga tsakiyar shekarun 1980 shi ne, kusan babu matakin da ba a sami wani bairus da ya ƙware wajen toshe shi ba.

A 1985 aka gano cewa adinobairus, mai haddasa mura da ciwon ido, yana da wani furotin da ke riƙe farantan a cikin ɗakin da ake haɗa su, ya hana su fita. A 1995 aka tabbatar cewa bairus ɗin HSV, wanda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, yana cusa wani ɗan ƙaramin furotin mai suna ICP47 a bakin famfon TAP. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan uku ne ke ɗauke da wannan ƙwaya. Shi kuwa bairus ɗin da ke haddasa sankarar Kaposi, wadda ta addabi masu fama da ƙanjamau a Afirka, jira yake farantan su fito waje, sannan ya sa a janyo su ciki a lalata.

To amma uban gayya a wannan fage shi ne CMV. A cikin ƙwayoyin bairus da suka zama ruwan dare a jikin ɗan Adam babu wanda ya kai shi yawan kayan gado, kuma kaso mai tsoka na waɗannan kaya ba don hayayyafa ya tanade su ba, sai don ruɗar da garkuwar jiki. Furotin huɗu ya ware wa farantin MHC kaɗai: US3 yana riƙe shi a ciki, US6 yana kulle famfo, US2 da US11 kuma suna fizgo sabon faranti su miƙa wa injin niƙan ƙwayar. Ma'ana, ya sa ƙwayar jiki ta rushe kayan tsaronta da hannunta. Hidde Ploegh da Emmanuel Wiertz ne suka bayyana wannan mataki na ƙarshe a 1996.

Ga mutum mai ƙoshin lafiya galibi CMV ba ya nuna wata alama, kuma mafi yawan yara a ƙasashen Afirka suna kamuwa da shi tun suna ƙanana. Hatsarinsa yana ga wanda aka yi wa dashe, da wanda ƙanjamau ya raunana, da kuma jaririn da ke ciki. A Amurka, kimanin jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da shi, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan kan sami matsala mai ɗorewa, musamman kurumta.

A nan ne dabarar ɓuya ke da tasiri kai tsaye. Wani bincike da Louis Picker da Klaus Früh suka jagoranta a jihar Oregon ta Amurka, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa idan aka cire wa CMV na birai waɗannan furotin, yana iya kama birin da bai taɓa haɗuwa da shi ba, amma ba ya iya sake kama wanda ya riga ya kamu. Idan kuwa an bar masa su, sake shiga yake yi duk da tarin sojojin da ke jiransa.

Wannan na taimakawa wajen fahimtar abin da likitoci suka daɗe da lura da shi: a ƙasashen da kusan kowace mace ta taɓa kamuwa da CMV, ba a daina haihuwar jarirai da shi ba. Garkuwar da uwa ta samu tun tana yarinya ba ta zama cikakkiyar kariya ga ɗanta. Duk mai neman riga-kafi kuwa, ana buƙatar ya yi abin da ita kanta cutar ba ta iya koya wa jiki ba.

Rashin faranti ma laifi ne

Da a ce ɓoye faranti kaɗai ya isa, da ƙwayoyin bairus sun daɗe da cin galaba. To amma jiki ya tanadi wani rukunin sojoji na biyu da ake kira NK. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Klas Kärre, shi ne ya bayyana a shekarun 1980 cewa waɗannan ba abin da ke kan faranti suke dubawa ba. Su farantin kansa suke nema, kuma duk ƙwayar da suka tarar ƙofarta wayam sai su afka mata.

Ke nan bairus ya shiga halin gaba kura baya sayaki. In ya bar farantan, sojojin T su gan shi. In ya kwashe su duka, sojojin NK su gane akwai lauje cikin naɗi.

CMV ya warware wannan ta hanyar ƙera farantin jabu, mai suna UL18, wanda yake kafawa a waje. HIV kuwa, da yake kayan gadonsa tara ne kacal, ya bi hanya mafi arha. Furotinsa mai suna Nef yana kama farantan A da B, waɗanda su ne suka fi tona masa asiri, ya karkatar da su zuwa inda za a lalata su, amma ya ƙyale farantin C da wani mai suna E, waɗanda sojojin NK suka fi sa wa ido.

Olivier Schwartz na Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris ne ya fara ba da rahoton wannan aiki na Nef a 1996. A 1998 Kathleen Collins, tana aiki tare da David Baltimore, ta nuna cewa lallai hakan na kare ƙwayoyin da suka kamu daga sojojin T. Daga baya, a 2016, aka gano cewa nau'o'in HIV da dama suna rage farantin C shi ma, ta hanyar wani furotin mai suna Vpu.

Akwai shaidar da ba a ɗakin gwaji aka samo ta ba. A farkon shekarun 1980, kafin a fara tantance jini, wani mutum a birnin Sidni na Ostireliya ya ba da gudummawar jini ba tare da ya san yana ɗauke da HIV ba, kuma mutane takwas suka kamu ta hanyarsa. Shekaru suka shuɗe, akasarinsu ba su nuna alamar ƙanjamau ba. A 1995 aka gano cewa ƙwayar da ta kama su tana da naƙasa a ɓangaren Nef.

Sai dai ya kamata a yi hattara da wannan misali. Nef yana da wasu ayyukan ban da kwashe faranti, sannan garkuwar wasu daga cikin mutanen ta soma raguwa daga baya. Ƙwayar da aka karya wa wannan makami ta yi rauni, amma ba ta mutu ba.

Sankarar muƙamuƙi

Wani bairus kuma tun daga tushe yake yanke labarin. A 1958 likitan tiyata Denis Burkitt, yana aiki a Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, har da Najeriya. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairus a cikin ƙwayoyin wannan sankara a birnin Landan, shi ne ake kira EBV. Shi ne bairus na farko da aka alaƙanta da sankara a jikin ɗan Adam. Wasu daga cikin ƙwayoyin sankarar da dakunan gwaji a duniya ke amfani da su har yau, daga asibitin koyarwa na Ibadan aka samo su a 1963.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da EBV, kuma jiki na danne shi. Amma domin ya ci gaba da zama a cikin ƙwaya mai rabuwa, akwai furotin guda da ba zai iya yi ba tare da shi ba, wato EBNA1. A 1995 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, ƙarƙashin Maria Masucci, suka nuna cewa wannan furotin yana da wani dogon sashe mai maimaita amino asid iri biyu, wanda ke hana a samu isassun guntayen da za a ɗora a faranti.

A cikin ƙwayoyin sankarar Burkitt, galibi wannan furotin ne kawai bairus ke bari a ƙera, kuma farantan nasu ma sun ƙaranta. Zazzaɓin cizon sauro da ke yawan kama yaro yana ingiza ƙwayoyin da EBV ke zaune a ciki su yi ta rabuwa, yana kuma raunana sojojin da ke sa musu ido. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta sa cutar ta bi taswirar sauro.

Ba kowa ya gaji faranti iri ɗaya ba

Farantan HLA suna da dubban nau'o'i a tsakanin bil Adama, kuma kowane nau'i da irin guntun da yake iya riƙewa. Wannan ya buɗe wa HIV wata ƙofar: yana sauya kama da sauri, ta yadda guntun da jiya yake zama a kan faranti yau ya ƙi zama.

Ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari na masu ɗauke da HIV suna iya danne ƙwayar ba tare da magani ba. Wani babban bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa mafi girman bambancin gado tsakaninsu da sauran jama'a yana cikin ɗan kwarin farantin B. Da yawansu suna da nau'in B57, wanda ke nuna guntaye daga sashen da HIV ba zai iya sauyawa ba sai ya yi wa kansa illa.

Akwai kuma nau'in B53, wanda ya yi yawa a yammacin Afirka. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa yara masu wannan nau'i a Gambiya sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shekaru goma bayan haka wani bincike a Amurka ya sanya B53 cikin rukunin da ke da alaƙa da saurin kaiwa ga ƙanjamau. Farantin da ya yi rana a wani yaƙi na iya kasawa a wani.

Darasin da ke nan ga masu ƙera riga-kafi a bayyane yake. Allurar da aka tsara domin ta da sojojin T, aka kuma gwada ta a kan al'ummar Turai kawai, babu tabbacin za ta yi aiki iri ɗaya a Kano ko Damagaram, tun da farantan da za su nuna ta sun bambanta. Kuma har yanzu bayanan gado na al'ummomin Afirka sun yi ƙaranci a rumbunan binciken duniya, alhali a nahiyar ne bambancin ya fi yawa.

Shi ma bairus ɗin korona bai tsira daga wannan zargi ba. Bincike daban-daban da aka buga daga 2021 sun nuna cewa wasu furotin nasa, irin su ORF6 da ORF8, suna rage farantan MHC, ko da yake masana sun yi saɓani a kan girman tasirin hakan, kuma shi ba ya cikin masu zama a jiki har abada kamar CMV ko HIV.

Ilimi ya yi nisa, magani na baya

Wani abin lura shi ne, wurin da wannan ilimi ya fara yin amfani ba yaƙi da bairus ba ne. A watan Oktoba na 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da T-VEC domin maganin wata sankarar fata. Wannan magani bairus ɗin HSV ne da aka yi wa gyara, kuma cikin abubuwan da aka cire masa har da ICP47, domin ƙwayoyin sankarar da ya shiga su fito da abin da ke cikinsu fili.

Picker kuma ya juya CMV ya zama abin hawa. Tun da yana iya shiga jikin da ya riga ya san shi, sai aka ɗora masa sassan SIV, ɗan'uwan HIV mai kama birai. A rahotannin 2011 da 2013, kimanin rabin biran da aka yi wa wannan allura sun danne ƙwayar, daga baya ma aka neme ta aka rasa a jikin da yawansu. An kuma gano cewa sojojin da allurar ta tayar suna gani ne ta kan farantin E, wanda ƙwayar ba ta cika taɓawa ba. Sakamakon ya ja hankali matuƙa, amma bai kai ga riga-kafin da aka amince a yi wa mutane ba.

Haka abin yake ga batun warkar da HIV. Magungunan da ake sha suna hana ƙwayar hayayyafa, amma ba sa taɓa wadda ta kwanta barci a cikin wasu ƙwayoyin jini. Ɗaya daga cikin dabarun da ake gwadawa ita ce a tashe ta domin sojojin jiki su gan ta su kashe. Matsalar ita ce Nef yana cikin furotin na farko da take ƙerawa idan ta farka. A 2020 ɗakin binciken Kathleen Collins a Jami'ar Michigan ya nuna cewa wani sinadari mai suna concanamycin A na iya mai do da farantan a kan ƙwayoyin da suka kamu. Wannan a cikin kwalba ne, kuma shekaru kusan talatin bayan gano aikin Nef, babu wani magani a asibiti da ke toshe shi.

Farashin wannan jinkiri ba boyayye ba ne. Hukumar UNAIDS ta ce a 2024 mutane miliyan 40.8 ne ke ɗauke da HIV a duniya, miliyan 1.3 suka kamu a shekarar, kuma kimanin 630,000 suka mutu. A Najeriya, babban binciken da aka gudanar a 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar da kusan miliyan 1.9.

An sami ci gaba ta wata fuskar. A watan Yuni na 2025 Amurka ta amince da allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara domin kariya daga kamuwa da HIV. To amma magani ce da sai an ci gaba da maimaita ta, ba riga-kafin da ke koyar da jiki ba, kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu.

Duk wanda ke ɗauke da ƙwayar, ke nan, rayuwarsa ta rataya ne a kan samun magani ba yankewa, kuma a ƙasashen Afirka da dama kuɗin wannan magani daga waje yake zuwa. Lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, cibiyoyin kula da masu HIV a sassa da dama na nahiyar sun rufe ko sun rage aiki. Ga mafi yawan masu shan magani, makonni ƙalilan ne tsakanin daina sha da sake bayyanar ƙwayar a cikin jini.